Koyon Zane a Bakin Titi: Sharhi a kan Masu Zanen Suame ta Kumasi

1.0 Gabatarwa

Yaron da Allah ya sa wa son zane ba ya ɓoyuwa. Tun kafin a sa shi makaranta za a gan shi yana zana mota da gawayi a jikin bango, ko yana jan layi da tsinke a ƙasa, sau da yawa ma har ya sha duka a kan haka. Abin da ke bambanta irin waɗannan yara idan sun girma shi ne hannun da suka faɗa. A birnin Kumasi na ƙasar Ghana, ƙofofi uku ne suka daɗe a buɗe gare su. Akwai sashen koyar da zane na jami'a, akwai shagunan masu zanen allon talla da ke bakin titi, sannan akwai zauren malam a Zango, inda ake koyon rubutu da zayyana. Wannan takarda za ta dubi ƙofa ta biyu, ta hanyar ayyukan Kwame Akoto na Suame da kuma littafin da Atta Kwami ya rubuta a kan masu zanen birnin, domin a auna abin da wannan hanyar koyo take ba ɗalibi da abin da take hana shi.

Kafin a shiga cikin bayani, yana da kyau a tsaya a kan kalmar kanta. A rubutun boko "zane" kan nufi abu biyu: zanen da ake yi da alƙalami, mai dogon wasali a gaɓar farko, da zanen da mata ke ɗaurawa, mai gajeren wasali. Na farkon ake nufi a nan. Haka kuma Bahaushe bai raba jan layi da shafa launi ba, duk zane yake kiransu, sai dai idan ado ne na layuka da da'irori wanda babu surar mai rai a ciki, ya kira shi zayyana. Wannan bambanci zai yi amfani a gaba.

2.0 Suame da Kwame Akoto

Suame unguwa ce a arewacin Kumasi, a kan hanyar da ta nufi Techiman da Tamale. An fi saninta da Magazin, wato matattarar makanikai da maƙera da masu walda da masu sayar da kayan gyaran mota, wadda ke cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Sunan ya samo asali ne daga wata tsohuwar ma'ajiyar makamai ta zamanin mulkin mallaka, wadda masu sana'ar suka fara taruwa kusa da ita kafin su koma Suame da sunan. Duk inda ake gina bodin mota kuwa, dole a nemi mai rubuta suna da lamba da kirari a jikinta. Ga kuma masu aski da masu kitso da masu gidan abinci da majami'u, kowa yana son allon da zai kira mutane. Wannan ne ya sa sana'ar zane ta samu gindin zama a wurin.

An haifi Kwame Akoto a Kumasi a shekarar 1950. Ya shiga koyon aiki a wajen masu zanen allo da jikin mota a tsakiyar shekarun 1960, ya yi shekara shida a ƙarƙashinsu, sannan ya buɗe nasa shagon a 1972 da sunan Anthony Art Works. A farkon shekarun 1990 ya shiga wata majami'ar Fentikostal, ya zama mai wa'azi, ya kuma sauya wa shagon suna zuwa Almighty God Art Works. Da wannan suna duniya ta san shi, har ya kai ana kiransa da sunan shagon. Gaban shagon nasa da ke mahaɗar Suame ya yi suna saboda yadda ake jera alluna a kan juna har su zama bango guda, ta yadda fasinjan da ke cikin mota zai ga baje kolin zane bai biya ko kwabo ba. A 2022 gidan adana kayan tarihi na Fowler da ke Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ya shirya baje koli na ayyukansa shi kaɗai.

3.0 Yadda Ake Koyo

Tsarin koyo a irin waɗannan shaguna ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin shi ne tsarin maƙera da dukawa da marina. Iyaye ko wani babba ne zai kai yaro, a biya abin da aka yanka, ya zama yaron shago na wasu shekaru. Ba buroshi ake fara ba shi ya yi zane ba. Shara zai fara yi, da wanke buroshi da kananzir, da goge allon katako, da shafa farin fenti na shimfiɗa. Daga nan sai haruffa, kuma a nan ake daɗewa. Dole hannu ya saba da jan miƙaƙƙen layi da fentin mai, wanda ba ya gafarta kuskure kamar fensir, dole ido ya iya raba tazarar haruffa ta yadda kalma za ta cika allo daidai. Sai yaro ya ƙware a wannan ake barinsa ya cike tufafi da bayan hoto. Fuska ita ce ta ƙarshe, kuma a mafi yawan lokuta maigida ne ke kammala ta.

Babbar dabarar da ake dogara da ita ita ce raba hoto gida-gida kamar gidan dara. Za a ɗauki ƙaramin hoton kyamara a ja masa layuka a tsaye da a kwance, a ja irinsu a kan babban allo, sannan a kwashe abin da ke cikin kowane gida a mayar a takwaransa. Wasu 'yan boko kan raina wannan dabara, su ce kwafe ne kawai. Tarihi bai goyi bayansu ba. Masu zanen bangon kaburbura na tsohuwar Masar sun yi aiki da irin waɗannan layuka, kuma Leon Battista Alberti, a littafinsa na koyar da zane na 1435, ya shawarci mai zane da ya dubi abin da yake zanawa ta cikin wani siririn mayafi mai layuka. Ke nan abin da yaron Suame ke yi yana da asali a cikin al'adar da jami'a ke taƙama da ita.

Sai dai dabarar tana da farashinta, kuma ya kamata a faɗe shi. Wanda ya koyi zane daga hoton kyamara ya koyi kwafar haske da inuwa ne a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, bai koyi yadda ƙashi da tsoka suke a ƙarƙashin fata ba. Muddin akwai hoto a gabansa, aikinsa kan fi na ɗan jami'a kama da mai shi. Da zarar an ce ya zana mutum yana sunkuye ko yana gudu daga tunaninsa, sai rauni ya fito: hannu ya yi gajere, kafaɗa ta sandare, ƙafa ta ƙi taka ƙasa. Ɗalibin jami'a, wanda aka zaunar da mutum a gabansa ya zana shi ta kowace fuska, ya fi shi a nan. Shi kuma ɗan jami'ar sau da yawa ba ya iya rubuta suna a allo ya fito da kyau, ba ya kuma iya gama aiki a kwana biyu mai shi yana tsaye a kansa.

4.0 Ayyukan Akoto a Ma'auni

Ayyukan shagon sun kasu biyu: waɗanda aka ba da kwangilarsu, kamar allon talla da hoton mamaci da na sarakuna, da kuma waɗanda Akoto ke yi don kansa, waɗanda yake ɗauka a matsayin aikin ƙirƙira. Kashi na biyun ne ya fitar da shi waje. A ciki akwai hotunan shugabanni da mawaƙa da sarakunan Asante, da surorin Shaiɗan da Mami Wata, da jerin gargaɗi a kan shan taba inda har dabbobi ake nunawa da sigari a baki, da kuma hotunan kansa masu yawan gaske.

Ƙarfinsa yana a fuska, musamman ido. Yana iya sa ɗigon hawaye ya yi ƙyalli a kan baƙar fata ta yadda mai kallo zai ji kamar ya kai hannu ya share. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin littattafan koyar da zane na Turai an tsara haɗin launinsu ne a kan farar fata. Masu zanen Kumasi da kansu suka gano yadda ake haɗa ruwan ƙasa da shuɗi da ja daga fentin gwangwani har fatar Baƙar Afirka ta fito da rai, ba ta zama toka-toka ba. Ilimi ne da ba a rubuta ba, yana tafiya daga hannun maigida zuwa na yaro.

Abu na biyu shi ne rubutu. Da wuya a ga allon Akoto babu kalmomi, a sama ko a ƙasa ko kewaye da gefensa. Mai sharhin da ya taso a kan ra'ayin cewa hoto shi zai yi wa kansa magana zai ga wannan a matsayin aibi. Amma idan aka yi la'akari da cewa haruffa ne farkon abin da hannunsa ya koya, za a gane cewa a wurinsa rubutu ɓangare ne na zanen, yana da nauyi da launi da mazauni kamar kowace sura. A alluna mafi kyau, kalmomin da hoton kan ja juna: fuska tana murmushi, rubutu yana tuna mutuwa. A nan ne mai kallo ke tsayawa ya yi tunani.

Inda aikin ke rauni shi ne inda wa'azi ya rinjayi zane. Idan rubutun ya riga ya faɗi komai, hoton sai ya koma ɗan rakiya, kallo ɗaya ya wadatar. Jerin gargaɗin shan taba misali ne. Na farko da mutum zai gani yana ba da dariya da tsoro lokaci guda, amma idan aka jera goma sai a ga dabba kawai ake sauyawa, tunanin yana nan inda yake. Ba laifin mai zanen kaɗai ba ne. Tun da masu tara kayan fasaha na Turai da Amurka suka gano shagon, abin da suka saya jiya shi suke nema yau, shago kuma yana da yara da za a ciyar. Har ila yau akwai batun sa hannu: allon da yara uku suka yi wa aiki, maigida ya gyara fuska, sunan wa zai ɗauka? A Suame wannan ba tambaya ba ce, sunan shago ne. A gidan baje koli na waje kuwa, inda farashi ke bin sunan mutum ɗaya, yaran sukan ɓace daga labarin.

5.0 Littafin Atta Kwami da Batun Zango

Atta Kwami, wanda aka haifa a 1956 ya rasu a 2021, ya koyar da zane a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah daga 1986 zuwa 2006. A 2002 ya shirya baje kolin Kumasi Junction a Llandudno ta ƙasar Wales, inda ya haɗa ayyukan 'yan jami'a da na masu shagon bakin titi a ɗaki ɗaya. Littafinsa, Kumasi Realism 1951–2007: An African Modernism, ya fito a 2013. Shekarar farko da ke cikin sunan ita ce ta kafa Kwalejin Fasaha ta Kumasi, wadda sashen zane na makarantar Achimota ya koma cikinta a 1952. Jigon littafin shi ne cewa katangar da ake zaton tana tsakanin mai digiri da mai shago ba ta da tsayin da ake ba ta. Mutane da dabaru suna kai da komo tsakaninsu, kuma dukansu biyu 'ya'yan zamani ne, babu wanda ya cancanci a kira aikinsa na jahilci.

A kan wannan Kwami yana da gaskiya, kuma abin da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da ita. Malamin da ya fi kowa sauya alƙiblar koyar da zane a jami'ar daga farkon shekarun 2000, wato karî'kachä seid'ou, shi kansa ya yi sana'ar zanen allo. Amma kalmar da aka zaɓa ta zama taken littafin, wadda ke nufin zana abu kamar yadda ido ke ganinsa, tana da iyaka. Ta dace da mai zana fuskar sarki da mai zana kan da aka yi wa aski. Ba ta da wurin da za ta ajiye mai zanen da bai taɓa zana fuska ba. Abin mamaki ma, zanen Kwami na kansa ba na sura ba ne, gidaje ne na launi da layuka, waɗanda ya samo daga kiyos-kiyos na bakin titi da saƙar Ewe da adon bangon arewacin Ghana.

A nan ne batun Zango ya shigo. Alaƙar Hausawa da ƙasar Tonawa, kamar yadda magabata ke kiran Asante, ta faro ne daga fataucin goro ta Gwanja. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da kame Kumasi da Ingilishi suka yi a 1896, fatake da malamai da tsofaffin sojoji suka yi ta sauka a birnin, Zango ya bunƙasa, Hausa ta zama harshen da ke haɗa baƙi 'yan arewa, kamar yadda Enid Schildkrout ta nuna a littafinta People of the Zongo na 1978. Tun kafin haka ma akwai Musulmi a fadar Asante. Thomas Bowdich ya tarar da su a 1817 suna rubuta layu, kuma tarin takardun Larabci na Kumasi na farkon ƙarni na 19 da ke ajiye a ɗakin karatun sarauta na Kopanhagan cike yake da hatimai, wato zanen gida-gida mai ɗauke da haruffa da lambobi. Wasu masana, irin su Labelle Prussin, suna ganin akwai tasirin waɗannan hatimai a tsarin adinkra. Ko an yarda da wannan ko ba a yarda ba, a fili yake cewa alƙalami da tawada sun riga buroshi da fenti shiga Kumasi.

Wannan al'ada tana da nata tsarin koyo, kuma ya yi kama da na Suame ƙwarai. Almajiri ma da haruffa yake farawa. Yana koyon fiƙe alƙalami, da dafa tawada da ƙaro, da daidaita layi a kan allo ba tare da abin awo ba. Wanda hannunsa ya faɗa shi ake sa wa ya yi alamomin sumuni da rubu'i da hizbi da sajada a gefen shafi da ja da ɗorawa, daga nan ya kai ga zayyanar allon sauka. Haka abin yake a ɗinkin riga: kafin allura ta taɓa yadi, akwai mai zane da zai fitar da aska takwas ko aska biyu da tambari da tawada, maɗinki ya bi sawunsa. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi nazari a kan irin waɗannan masu zane, ya kuma shirya baje kolin The Arts of the Hausa a Landan a 1976. Mai irin wannan hannu yana iya fitar da dagi mai sarƙaƙiya, layi yana hawa yana nutsewa bai ɓata ko sau ɗaya ba. Wannan ilimin awo ne da lissafi wanda bai gaza sanin ƙashi da tsoka ba.

Dalilin kauce wa surar mai rai sananne ne: akwai hadisan da suka yi gargaɗi a kanta, ko da yake malamai sun yi saɓani a kan iyakar hanin. Abin lura a nan shi ne sakamakon haka ga yaron Zango mai son zane. Idan ya tafi shagon bakin titi, matakin ƙarshe na koyo shi ne abin da gidansu ke ƙyama. Idan ya tsaya a zaure, ba a kiran abin da yake yi fasaha, karatu ake kiransa, ko ɗinki. Duk tarihin zanen Kumasi da aka gina a kan kamanni kaɗai zai wuce ta gabansa bai gan shi ba, alhali shi da yaron Akoto daga wuri ɗaya suka faro, wato jan harafi da hannu.

6.0 Bayan Zuwan Inji

Akwai darasi a abin da ya faru da masu zanen tallar fim. Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da gidajen kallon bidiyo suka yaɗu a Ghana, an riƙa zana tallar kowane fim da hannu a kan buhun fulawa da aka ɗinke. Sana'ar ta ciyar da masu zane da dama na kimanin shekara goma sha biyar, sannan bugaggun hotuna masu araha da talabijin na gida suka kashe kasuwar. Waɗanda suka ci gaba da yi, mafi yawa masu saye na ƙasashen waje suke yi wa. Daga shekarun 2000 kuma injin buga manyan hotuna da kwamfuta ya shiga kasuwar allon talla gaba ɗaya. Mai shagon aski na iya samun allonsa a yini ɗaya, da hotuna na gaske, a kan kuɗin da bai kai na mai buroshi ba.

Jami'a ita ma ta juya. Ɗalibanta da suka fi suna a yanzu ba da zanen fuska suka yi shi ba. Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a 1987, digirin zane ya yi a Kumasi, amma abin da ya kai shi baje kolin Venice na 2015 shi ne tsofaffin buhunan koko da gawayi da aka harhaɗa aka lulluɓe dogayen bangaye da su. Wannan sauyi ya buɗe wa matasa hanyoyin da manhajar Achimota ba ta taɓa hangowa ba, sai dai ya rage matsayin da horon hannu yake da shi a da.

Matsalar shagon bakin titi ta fi wannan tsanani, kuma ba ta maigida ba ce. Mai zane irin Akoto, wanda sunansa ya riga ya tsallaka teku, inji ba zai karɓe masa masu saye ba. Aikin da inji ya fara ɗaukewa shi ne ƙaramin aiki: sunan shago, jerin farashin abinci, lambar mota, kawunan aski. Wannan kuwa shi ne ainihin aikin da yaro ke koyo a kansa, wanda idan ya ɓata za a shafe da farin fenti a sake ba tare da asara mai yawa ba, kuma shi ne ke kawo ɗan kuɗin da ke sa maigida ya iya riƙe yara shekara da shekaru. Akoto ya yi shekara shida a kan irin wannan aiki kafin ya tsaya da ƙafarsa. Yaron da aka kai shagon talla a yau, a mafi yawan lokuta gaban kwamfuta za a zaunar da shi, ya zaɓi harafin da wani ya riga ya zana, ya ja shi ya cika allo.